Kafin Kwamfutar Akawu Ta Farka

Kowace safiya, bakwai da rabi daidai, Akawu yakan buɗe ɗakin gaba, ya danna maɓallin kwamfutarsa, ya ja ƙofa, sannan ya biyo baranda yana jan silifas har bakin kicin. A nan akwai wata kujerar katako mai gajeriyar ƙafa ɗaya, wadda aka tokare da ninkakken kwali tun shekarar da aka haifi autarsu. Sai ya zauna, ya gyara tabarau, ya ce wa matarsa, "Na kunna ta. Kin san halinta."

Matar, wadda yake kira Manaja saboda ko allura ba ta motsi a gidan sai da saninta, takan ce, "Ai na sani," ta zuba masa shayi.

Halin kwamfutar kuwa nauyin jiki ne. Minti ashirin take yi kafin ta buɗe ido, wata rana har da ɗoriya. Duk wanda ya san gidan ya san da haka.

Shekara talatin Akawu ya yi yana aikin ofis kafin ya yi ritaya ya mayar da ɗakin gaba wurin buga wa mutane takardu: wasiƙar neman aiki, takardar haya, ƙorafi a kan famfon da ya daina kawo ruwa, da cike fom ga wanda biro ke ba tsoro. Daga ƙarfe takwas ƙofar da ke kallon titi ba ta hutawa. Da yamma ya riga ya gaji, yana cin abinci sai gyangyaɗi a gaban rediyo. Ga shi dama mutum ne da magana ke yi wa tsada. In ka ce masa yau gari ya yi zafi, sai ya yi nazari tukuna kafin ya yarda. Manaja ta yi shekara talatin da huɗu a gidansa, kuma in za a faɗi gaskiya, yawancin hirar da suka yi ita ta yi ta, shi nasa bai wuce "to" da "haka ne" ba.

Sai da kwamfutar nan ta shigo gidan ta san mijinta yana da baki. Mutumin da ba shi da abin yi sai jira, ga shayi a hannu, dole wata rana ya ce wani abu. A cikin mintunan nan ne ta ji cewa yana yaro direban jirgin ƙasa ya so zama. A cikinsu ta gano shekara goma sha biyar yana ƙin labulen falo bai taɓa faɗa ba. A cikinsu ya ba ta labarin ranar da ya fara ganinta tana faɗa da mai sayar da yadi, ya ce a ransa ya kamata ya san inda wannan yarinya take zaune don ya riƙa canza hanya. Ranar ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta. In ya ƙare kofinsa sai ya duba agogon hannunsa ya ce, "Ta isa ta farka yanzu," ya miƙe. Ita ma ta nufi ɗakin baya wurin kekenta na ɗinki, tana murmushi ita kaɗai.

Saboda haka Manaja tana ƙaunar kwamfutar, ko da yake ba ta taɓa danna mata ko maɓalli ɗaya ba. Ɗakin gaba ma ba ta shiga sai ranar shara, kuma in ta zo kan akwatin kwamfutar sai ta goge shi a hankali. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Wa za ta gaya wa? Mace mai jikoki huɗu ta ce tana ɗokin hirar minti ashirin da mijinta, ai yara sun samu abin dariya na shekara guda.

Ana nan sai wata Asabar da hantsi, Akawu ya tafi asibitin ido a canza masa tabarau, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Auta ce, goye da baƙar jakarta ta aiki. Auta gyaran kwamfuta take yi a wani shago can ɗaya gefen gari, kuma tun tana ƙarama ba a ajiye mata rediyo ko agogo ta bar shi da cikinsa a rufe. Ta gaishe da uwarta, ta sha ruwa, ta leƙa tukunya kamar yadda ta saba, sannan ta fito da wani ɗan abu shafal daga jaka, bai kai tafin hannu ba, ta kaɗa shi a iska.

"Mama, yau zan wanke kaina. Kullum na kira ki da safe sai ki ce Baba yana jiran kwamfuta ta tashi. Ni ina gyara wa mutanen gari, ta ubana tana minti ashirin. In abokan aikina suka ji ai na shiga uku. Da gangan na zo ba ya nan, so nake ya dawo ya danna ta ya ga ikon Allah."

Manaja ta zuba wa ɗan abin ido. Ta ce, "Minti nawa za ta koma?"

"Wane minti? Daƙiƙa ashirin ma ta yi yawa."

Manaja ta auna daƙiƙa ashirin a ranta. Ko barandar ba zai gama takawa ba, balle ya zauna. Ta ga kujerar bakin kicin babu kowa a kai, ta ga kanta tana kai masa shayi ɗakin gaba a tire, yana cewa "to" ba tare da ya ɗago kai ba. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, irin wanda ba ta ji ba tun da yaran suka girma.

"Ɗakin a kulle yake," in ji ta. "Ya tafi da makullin."

"Ɗaya makullin fa?"

"Ya ɓata tun bara."

Auta ta dube ta, ta wuce ɗakin ɗinki, ta ɗauko gwangwanin maɓallai ta zazzage a kan tebur. Ga makulli nan kwance a cikin maɓallai, inda yake tun tana firamare. Manaja ta yi tsaki ta ce ashe nan ya shiga.

Ba ta sallama ba. Ta ce a fara cin abinci, ba a aiki da yunwa. Auta ta ci. Ta ce akwai rigar da ta yanka mata, a gwada tukuna. Auta ta tsaya hannu a sama aka yi ta soka mata fil, aka rage nan, aka ƙara can, aka kwance abin da aka rage. Ta kawo labarin maƙwabciya da ta sayi firij ya ƙi shiga ƙofa. Auta ta saurara har ƙarshe, sannan ta cire rigar ta ɗauki jakarta. Dole uwar ta bi ta a baya har ɗakin gaba, tana cewa gaggawa aikin shaiɗan ce.

Ɗakin yana nan tsaf yadda Akawu ke barinsa. Benci na masu jira a jikin bango, fayil-fayil an jera su bisa tsawo, biro uku a cikin tsohon kofi. Allon kwamfutar ya ba wa ƙofar cikin gida baya, akwatin kuma yana ƙarƙashin tebur an rufa masa ƙyallen da Manaja ta yi wa baki da hannunta.

"Ni ban ga abin da ta yi miki ba," in ji Manaja. "Tsufa ne. Kowa ya tsufa sai ya yi nawa. Sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba, ƙarasa mana," in ji Auta tana warware igiyar jakarta. "Ba tsufa ba ne kawai, Mama. Yawanci abu uku ne. Na farko faifan da take ajiye komai a ciki. Tsohon yayi juyawa yake yi, da wani ɗan hannu yana bin sa yana lalube, kamar ke in kina neman baƙin maɓalli a gwangwanin nan. Wannan da na kawo, es-es-di, babu abin da ke juyawa a cikinsa. Abin da aka nema nan take yake miƙowa. Shi kaɗai in aka canza, an yi rabin aikin, har fiye."

"Ni dai ina samun maɓallina."

"Bayan kin zazzage duka. Na biyu manhajoji. Duk wadda aka saka sai ta ce ita ma a tashe ta tare da kwamfutar, ko ba a bukatarta. Kin tuna muna yara in za a fita unguwa? Ke kin shirya tun tuni, amma wannan bai ga takalminsa ba, wannan tana jin ƙishirwa, wannan fitsari."

"Ke ce mai fitsarin."

"Na yarda. To sai a shiga jerin a ce kowa ya zauna gida sai an kira shi, a bar mai gadi kawai, wato wadda ke tare ƙwayar cuta. Na uku kuma ram, teburin da take baza aikinta. In ƙarami ne sai ta yi ta ɗauke wannan tana ajiye wancan."

Wannan kam Manaja ta gane, don ta yi shekaru tana yanka a kan ƙaramin tebur kafin a yi mata babba. Abin ya ba ta haushi da ta gane.

"In aka haɗa da ƙura ta toshe fanka, zafi ya yi mata yawa, shi ke nan sai barci," in ji Auta. Ta durƙusa ta yaye ƙyallen, ta ɗauko sukundireba.

Manaja ta riƙe mata hannu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta zauna a bencin masu jira, ta kawar da kai wajen taga, ta ce, "Auta, don Allah ki bar ta yadda take."

Sai ta faɗa mata, a gutsure, tana wasa da bakin mayafinta. Ta faɗi kujerar bakin kicin da shayin, da jirgin ƙasa, da labule. Ta ce, "Babanki ba zai taɓa zama haka kawai ya yi hira ba, sai ya ga kamar ya saci lokacin mutane. In kin gyara ta, kin gyara masa, ni kuma kin kwashe mini. Minti ashirin ɗin nan su ke nan gare ni a yini. In kika yi mini dariya kuma, rigar nan ba za ki gan ta ba."

Auta ba ta yi dariya ba, ko da yake sai da ta ciji leɓe. Ta mayar da sukundireba cikin jaka ta ce, "Haba Mama, da kin faɗa tun farko ai da ba a soke ni da fil sau bakwai ba. Na bar ta. Amma bari in kunna kawai in ga yadda take yi, kar wata rana ta mutu masa da takardun mutane a ciki. Ba zan canza komai ba."

Manaja ta yarda. Auta ta danna maɓalli, ita kuma ta miƙe ta ce bari ta ɗora ruwan zafi tunda zaman jira ne. Ba ta kai tsakiyar baranda ba ta ji an ce, "Mama, dawo."

Ta dawo. Allon ya haska tar, ga hoton jikokinta huɗu suna washe baki, ga fayilolin Akawu a jere a gefe.

"Me kika taɓa?"

"Wallahi maɓalli kawai na danna."

"Ba na son ƙarya. Abin nan da kika zo da shi fa?"

"Ga shi nan a ledarsa." Auta ta kashe kwamfutar, ta fito da wayarta ta saita agogo, ta sake dannawa. Suka zuba wa allon ido su biyu. "Daƙiƙa goma sha bakwai," in ji ta. "Ta shagonmu ma ba ta kai wannan ba."

Yanzu kam Manaja da kanta ta ce a buɗe. Auta ta fara duba jerin manhajojin da ke tashi da kwamfutar, ta tarar an sallami kowa, saura mai gadi. Ta duba muryar kwamfutar, ta ga an kashe ta gaba ɗaya, yadda ko ƙit ba za a ji daga kicin ba. Sannan ta kashe, ta zare waya daga bango, ta kwance sukurori huɗu ta cire murfin gefe. Cikin fes, fanka babu ƙura. Babu tsohon faifai. A gurbinsa ga wani ɗan abu shafal, ɗan'uwan wanda ke cikin ledar Auta, ram kuma an ƙara guda a kan na da. A jikin ƙarfen an manna 'yar takarda irin wadda masu gyara ke mannawa, da kwanan wata an rubuta da biro.

Auta ta karanto kwanan watan. Shekara biyu ke nan da 'yan watanni.

Manaja ta shiga ƙirga a yatsa. Watan da babbar 'yarta ta haihu ne, ta je ta yi mata sati uku. Ta tuna ranar da ta dawo. Washegari da safe Akawu ya zo ya zauna a kujerar nan, ya girgiza kai ya ce, "Da ba kya nan abin nan ya ƙara lalacewa. A da minti goma sha biyu ne, yanzu sai ta yi ashirin." Har ta tausaya masa ta ƙara masa sukari.

"Lallai mutumin nan," in ji ta. "Lallai."

Fushi ne ya fara zuwa. Shekara biyu ana yi mata ƙarya a bakin kicin ɗinta, ita da ake kira Manaja, ita da ke gane yaro ya sha madarar gwangwani daga yadda yake tafiya. Fushin bai daɗe ba dariya ta ture shi. Ta hango shi ɗauke da akwatin nan a hammata yana kai wa wani mai gyara a ɓoye, don kar ya kai wa 'yarsa ta tona, ya dawo ya zauna yana neman inda ake kashe murya. Ta yi dariya har ta dafe benci. Daga nan kuma hawaye suka biyo baya ba ta gayyace su ba, don ta gane duk safiyar nan da take gode wa kwamfuta, ashe shi ne yake zuwa da ƙafarsa. Daɗi ya cika ta har ta ji kunyar 'yarta.

"Allura ta tono garma," in ji Auta tana share nata idon da bayan hannu. "Bari ya dawo. Yau sai Baba ya yi bayani."

"Ba zai yi ba. Mayar da murfin nan yadda kika same shi, ki rufa ƙyallen. In kika ce masa uffan, sai na gaya masa wanda ya fasa masa tabarau kina aji uku aka ɗora wa kyanwa."

Auta ta ɗaure sukurori huɗu ba musu.

Da la'asar Akawu ya dawo da sabon tabarau, yana taka ƙasa a hankali don bai saba da shi ba. Ya amsa gaisuwar Auta da fara'a, sai idonsa ya sauka a kan baƙar jakar da ke kan kujera. Labarin zuciya a tambayi fuska. Ya cire tabaran ya goge, ya mayar, jakar tana nan.

"Aiki kika fito?" ya tambaya.

"Kwamfutarka na zo dubawa, Baba."

"To," in ji shi. Ya gyara tsayuwa. "Kin duba?"

Manaja tana bakin kicin tana yankan albasa, ba ta ɗago ba.

"Na duba," in ji Auta. "Gaskiya, Baba, irin wannan ba ta gyaruwa. Na yi shekara shida ina aikin nan ban taɓa ganin mai irin ciwonta ba. Sai dai haƙuri."

Akawu ya saki numfashi, ya yi ƙoƙari ya mayar da shi na baƙin ciki. Ya ce, "Haka ne. Ni ma na yi zargin haka." Ranar har ya raka Auta bakin titi, abin da bai saba ba, ya tsaya sai da ta samu mota.

Ranar Litinin, bakwai da rabi daidai, Manaja ta ji an buɗe ɗakin gaba, an ja ƙofa, silifas sun biyo baranda. Ta ƙirga a ranta, kafin ya iso ta san allon ya riga ya haska yana kallon bango. Ya zauna a kujerarsa, ya gyara sabon tabarau.

"Na kunna ta. Kin san halinta."

"Ai na sani," in ji ta. Ta zuba masa shayi. Yau ba ƙaramar butar ta ɗora ba, babbar ta sauko da ita, ta baƙi. Ta ajiye ta a tsakaninsu, ta jawo kujerarta kusa. "Auta ta ce in gaya maka, ciwon nan gaba yake yi. Ta ce kar ka yi mamaki in ka ga ta fara kai rabin awa."

Akawu ya tsaya da kofi a bakinsa. Ya dube ta ta saman tabarau, ya dubi babbar butar, ya sake dubanta. Ita kuwa ta tsare shi da ido, ko gezau. Kunnuwansa suka ɗan motsa, yadda suke yi in yana danne dariya.

Ya ajiye kofin, ya kwance agogon hannunsa, ya saka a aljihu.

"Ai ita ta karanta abin," in ji shi. "In ta ce rabin awa, rabin awa ne." Ya miƙa mata kofin ta ƙara masa. "Na taɓa ba ki labarin ranar da na kwana a tashar jirgi don kawai in ga direba?"

Ya taɓa ba ta, sau biyu ma. Ta ce a'a, bai taɓa ba.